Gishiri: hajar da hanyarta ta fi ta tsada

Ranar Babbar Sallah, kafin la'asar, duk unguwar da ka bi a Kano za ka tarar da masu sayen fata sun yi sansani a gindin bishiya. Yara na ta kawo fatun raguna, ana ciniki, ana jefawa gefe. Akwai wani yaro da kan tsuguna bayan mai cinikin, shi ba ruwansa da kuɗi, buhun gishiri ne a gabansa. Sai ya shimfiɗa fata, ɓangaren nama a sama, ya dumbuzo gishiri ya watsa, ya murza shi har lungun wuya da na ƙafafu, ya ninke, ya jawo ta gaba. In fata ta kwana babu gishiri a wannan zafi, gashinta zai fara zuba, kuma babu majemin da zai karɓe ta. Da Sallar bara na tsaya ina kallonsu, na tambayi mai cinikin daga ina gishirin nan yake. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan uwarsa, ya ce, "Alhaji, daga Singa mana."

Gaskiyarsa, a kasuwar Singa ya saya. Amma in ka bi sawun buhun, zai kai ka Apapa, daga can ya sa ka a jirgin ruwa, ya sauke ka ko dai a arewa maso gabashin Brazil ko a gaɓar tekun Namibiya. Garin da kakanninsa suka yi ɗaruruwan shekaru suna jiran ayarin Bilma, yau da gishirin ƙetaren teku yake gyara fatun layyarsa. Yadda aka yi haka ta faru shi ne labarin cinikin gishiri gaba ɗaya.

Gishiri ba abu ne mai wuyar samu ba. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri iri-iri, mafi yawansa irin wanda muke zubawa a miya. A ƙarƙashin ƙasa kuma akwai shimfiɗun gishirin tekunan da suka ƙafe tun fil azal, wasu kaurinsu ya kai ɗaruruwan mita. Ba zai ƙare ba. Matsalarsa ɗaya ce: nauyi gare shi, ga arha. Saboda haka kuɗin da kake biya, kaɗan ne na gishirin kansa. Sauran na ɗauko ne. Duk wanda ya mallaki hanya mafi sauƙi shi ne sarkin gishiri, ko da ba shi da rijiya ɗaya.

Buzaye sun gane wannan tuntuni. Masu yin gishiri a Bilma da Fachi, cikin hamadar Tenere ta ƙasar Nijar, Barebari ne. A Kalala, wajen garin Bilma, suna haƙa ramuka har su cimma ruwan ƙasa mai zartsi. Rana ta dake shi, wani ɓawo ya taru a saman ruwan, mai aiki ya farfasa shi ya nutse, wani ya sake taruwa. Fari tas ɗin da aka tace shi ne beza, na miya. Sauran a kwaɓa shi da ƙasa mai gishiri, a zuba a wani mazubi na kututturen dabino, a kife, ya bushe ya zama kantu mai nauyin kilo 20 ko fiye, na dabbobi. Amma Babarbaren da ya ƙona ƙafarsa a ramin ba shi ne ya fi cin riba ba. Ribar tana wajen mai raƙumi. Da kaka, Abzinawa kan taso daga duwatsun Azbin da gero da sauran kayan masarufi, su ratsa yashi na kwanaki ba inuwa ba ciyawa, har harawar da raƙuman za su ci sai an ɗauko ta tun daga gida. Su ba da hatsi, su karɓi gishiri da dabino, su juyo, sannan su gangaro Damagaram da Katsina da Kano, inda kantun da aka samu da 'yan mudun gero ke ninka kuɗinsa sau da yawa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, cikin irin wannan ayari na gishiri ya gangaro daga Azbin zuwa ƙasar Hausa a ƙarshen 1850, ya shiga Kano a farkon 1851. A farkon ƙarni na 20 ma an ga ayarin da ya kai raƙuma 20,000.

Kuma ba Bilma kaɗai ba ce. Kasuwannin Hausa sun san mangul na ƙasar Manga, sun san gallo da ke zuwa daga yamma ta wajen Tambutu, da gishirin Foga na kwarin Dallol kusa da Gaya, da na Awe da Keana. Kowanne da ɗanɗanonsa, da kuɗinsa, da abin da ake yi da shi. Tsofaffin mata kan san wanda ya dace da mai jego da wanda ake ba doki.

To, yi wannan lissafi. Ka ƙaddara kowane raƙumi ya ɗauko kilo 150. Raƙuma 20,000 sun kawo tan 3,000 ke nan, bayan wata da watanni, da mutuwar dabbobi, da fargabar 'yan fashi. Jirgin ruwa guda na dakon kaya, matsakaici ma, yana ɗaukar tan 30,000. Ayari goma na mafi girman da aka taɓa gani, a cikin cikin jirgi ɗaya. Lokacin da gishirin Cheshire na Ingila ya fara zuwa ta tashar Liverpool, sannan titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, an riga an yanke wa cinikin hamada hukunci. Bai mutu nan take ba. Farin shekarun 1970 da ya kashe raƙuma da kuma manyan motoci su suka ƙarasa rage shi.

Hanyoyin samar da gishiri a duniya uku ne, kuma kowace ƙasa abin da Allah ya ba ta shi ke zaɓa mata. Akwai masu haƙo shi kamar dutse, irin mahaƙar Khewra ta Pakistan mai jan gishirin nan da ake tallarsa da sunan na Himalaya, ko ta Goderich a Kanada wadda ta shige ƙarƙashin tafkin Huron. Akwai masu tura ruwa cikin shimfiɗar gishirin ƙarƙashin ƙasa ya narke, su zuƙo ruwan, ko dai su kai shi masana'anta kai tsaye ta bututu, ko su dafa shi a manyan tukwanen ƙarfe ya fito fari ƙal. Wannan ya fi tsabta, ya kuma fi cin makamashi. (Kogon da ake bari a ƙasa ma ba ya zama banza: Amurka a irin waɗannan koguna na Texas da Louisiana take ɓoye ɗanyen man da ta tanada don ranar tsiya.) Ta ukun ita ce ta Bilma da aka faɗaɗa: a bar rana da iska su yi aikin.

Wannan ta ukun ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ke ciyar da mu. Ana janyo ruwan teku cikin wasu faffaɗan fadamu marasa zurfi, ana tura shi daga wannan zuwa wancan, yana ƙafewa yana ƙara kauri. Dabarar tana cikin jerin. Abubuwan da ke narke a ruwan teku ba tare suke daskarewa ba. Masu alli su ke fara kwantawa, a bar su a fadamun farko. Sai ruwan ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma sannan gishirin ci ya fara zuba, a lokacin an riga an kai ruwan fadamar girbi. Kafin masu ɗaci, wato na magniziyom, su fara bin sa, sai a tsiyaye ragowar ruwan. Wanda ya yi jinkiri zai kwashi gishiri mai ɗaci da ke jan danshi. Duk macen da ta taɓa buɗe gwangwanin gishiri da damina ta tarar ya jiƙe ya dunƙule, ta ga aikin wannan saura. Hausawa sun ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya, kuma wannan karin magana ita ce taswirar masana'antar. Ana neman gaɓar teku mai faɗi, shimfiɗaɗɗa, mai rana da iska, wadda ruwan sama ya ƙaurace mata. Walvis Bay ta Namibiya hamada ce ta zo ta sha teku, ruwan shekararta ba ya kai milimita 50. Jihar Rio Grande do Norte ita ke ba Brazil kusan duk gishirin tekunta, har an gina wani tsibiri a cikin teku daura da Areia Branca don lodin gishiri kawai. Gujarat ke samar da wajen kashi uku cikin huɗu na gishirin Indiya. Haka yammacin Ostireliya, haka Guerrero Negro ta Mexico.

Yanzu dubi gaɓar Najeriya. Tana da tsawon fiye da kilomita 800, kuma sau da yawa nakan ji ana cewa abin kunya ne ƙasa mai teku ta sayo gishiri. Ni ban ga kunya a nan ba. Legas na samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, Neja Delta ta fi haka nesa, ga kogin Kwara na kwarara ruwan daɗi yana tsarma na tekun, ga iska mai danshi. Wanda ya shimfiɗa fadamar gishiri a Bayelsa kifi zai girba. Abin da muke da shi na gaske yana can cikin ƙasa, a kwarin Binuwai: maɓuɓɓugan ruwan zartsi na Awe da Keana da Azara a jihar Nasarawa, da tafkunan Uburu da Okposi a Ebonyi. A Keana aikin mata ne. Su yayyafa ruwan zartsi a kan ƙasa, rana ta busar, su kankare, su zuba a tukwane masu huji, su tace, su dafa ruwan a kan itace har ya ƙafe. Gishiri ne mai daɗi, amma kowane mudu da damin itacen da ya ci, kuma itace ba zai yi gasa da rana ba. Darajar irin waɗannan wurare takan bayyana ne idan hanya ta toshe. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, da aka datse wa Biyafara teku, gishiri ya zama kamar zinariya, kuma Uburu da Okposi ne suka riƙe mutane.

Duk wannan magana ce ta gishirin ci da na dabbobi, alhali shi ne ƙaramin kaso. Duniya na samar da tsakanin tan miliyan 270 da 290 a shekara. Sin ce kan gaba da sama da miliyan 50, Amurka wajen 40, Indiya wajen 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, mu kuwa muna cin kusan ninki biyu. Ko da giram 10 ɗin ka lissafa, mutum biliyan 8 a kwana 365 ba za su cinye tan miliyan 30 ba. Ina sauran yake tafiya?

Wani kaso mai ban mamaki kan titi ake watsa shi. Gishiri na hana ruwa daskarewa, shi ya sa ƙasashen sanyi ke barbaɗa shi a hanyoyin mota don narkar da ƙanƙara. A Amurka kimanin kashi 40 cikin 100 na gishirin da suke amfani da shi nan yake ƙarewa, ya bi ruwa ya shiga rafuka, ya ci ƙarfen gadoji da ƙasan motoci. Masu sayen tokumbo da suka taɓa leƙa ƙarƙashin motar da ta fito daga Kanada sun ga tabonsa.

Babban mai cin gishiri dai shi ne masana'antar sinadarai, kuma a nan kuɗin yake. Ƙwayar gishiri aure ne tsakanin abubuwa biyu masu haɗari, sodiyom da kulorin, waɗanda suka haɗu suka zauna lafiya. Masana'anta raba auren take yi. A narkar da gishiri a ruwa, a tura masa wutar lantarki ta cikin wani akwati da aka raba biyu da tantani. A gefe guda iskar kulorin ta tashi, a ɗaya gefen a samu kostik soda da iskar haidirojin. Gishiri tan 1.7 kan ba da kulorin tan ɗaya da kostik soda tan 1.1, ba kuma yadda za ka samu ɗaya ba ɗaya. Wannan ya sa kasuwarsu ke da wani irin hali: in gine-gine suka ja baya a duniya aka rage neman kulorin, masana'antu su rage aiki, sai kostik soda ya yi ƙaranci ya yi tsada, ko da masu sabulu ba su ƙara ko cokali a buƙatarsu ba.

Me ya haɗa kulorin da gini? Fayif. Fiye da rabin nauyin robar PVC kulorin ne, wato farin bututun da mai gyaran famfo ke ɗaurawa a bandakinka, da rigar wayar lantarki, da silin roba, rabinsu daga gishiri suka fito. Kulorin ɗin ne ake zubawa a matatar ruwa ta Tamburawa da ta Challawa, shi ake rabawa in kwalara ta ɓarke, shi ne a ruwan bilicin wanki, da shi ake haɗa magunguna da magungunan ƙwari da dama. Kostik soda kuwa kowace mace da ta koyi haɗa sabulu ta san shi, ta san yadda yake cin hannu. Bayan sabulu, da shi ake dafa itace ya zama takarda, da shi ake gyara zaren auduga, da shi ake narkar da jar ƙasar nan ta Gini don ciro abin da ake yin alminiyom. Sai ɗan'uwansa, tokar soda, wadda masu haɗa sabulu ke kira soda ash. Tun shekarun 1860 wani ɗan Beljiyam, Ernest Solvay, ya gano yadda za a yi ta da arha daga ruwan gishiri da farar ƙasa, kuma ba a yin gilashi ko kwalba sai da ita. Dangin kanwarmu ce ta kusa. Kenya ma daga tafkin Magadi take kwasarta yadda Allah ya halitta. Ƙara da marina, da masu haƙar man fetur da ke zuba gishiri a taɓon da suke haƙa da shi, da ledar ƙarin ruwa ta asibiti mai giram 9 a kowace lita.

Masana'antun nan suna da sharuɗɗa biyu da ba sa sassautawa. Na farko tsabta. Ɗan burbushin kalsiyom ko magniziyom, wanda harshe ba zai ji ba, ya isa ya toshe tantanin nan mai tsadar gaske, don haka mai saye yakan auna gishiri a ɗakin gwaji kafin ya tambayi kuɗinsa. Kantun Bilma, da duk tarihinsa, ko ƙofar masana'anta ba zai wuce ba. Na biyu wuta. Kowane tan na kulorin na shan wajen yunit 2,500 a lissafin mitar gida, kuma wutar ba ta son ɗaukewa ko na minti ɗaya.

A nan ne, a ganina, ciwon Najeriya yake. Abin da muke yi shi ne mu sayo ɗanyen gishiri, mu wanke, mu niƙa, mu sa aidin, mu zuba a buhu. Kamfanin NASCON, wanda gwamnati ta kafa a 1973 yanzu kuma yake cikin rukunin Dangote, wannan ne babban aikinsa, kuma aiki ne mai amfani. Amma mafi yawan kostik soda da tokar soda da garin PVC da masana'antunmu ke buƙata, a sarrafe muke sayo su daga Sin da Indiya da sauransu. Japan ma sayen gishiri take daga Ostireliya da Mexico, ba wanda ya ce ta ji kunya, domin in ya iso sai ta fasa shi ta sayar wa duniya abin da ya ninka shi daraja. Mu kuwa mun tsaya a miya da fata. Ko gobe aka gano dutsen gishiri a ƙarƙashin garin Lafiya, in babu tsayayyiyar wuta mai arha, sai dai mu ƙara yawan buhuna.

Sai dai dogaro da jirgin ruwa ya zo da wata fa'ida da ba a zata ba. Waɗanda suka manyanta sun san yadda maƙoƙo ya yi yawa a wasu yankuna, musamman na duwatsu, saboda ƙarancin aidin a ƙasa, kuma illar da ba a gani ta fi ta wuya muni, domin yana taɓa ƙwaƙwalwar jariri tun a ciki. A 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, zuwa 2005 ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta cimma burin. Sirrin bai wuce cewa kusan duk gishirin ta 'yan ƙofofi kaɗan yake shigowa ba. Sa ido a kan kamfanoni huɗu ko biyar ya fi sauƙi a kan bin mata dubu da tukwanensu. Ƙasashen da ke da ɗimbin ƙananan masu yin gishiri, irin Ghana da Senegal, sun fi shan wahalar wannan aiki. Wannan halin na gishiri, cewa kowa na ci kuma ƙofofinsa kaɗan ne, shi ne dai ya sa masu mulki suka daɗe suna ɗora masa haraji, tun daga sarakunan Faransa har Turawan Ingila a Indiya, inda Gandhi ya taka kusan kilomita 390 a 1930 don ya ɗebi gishiri a bakin teku ya karya dokarsu.

Da hankali zai yi aiki, gishirin da Najeriya ke buƙata daga maƙwabta zai fito. Gaɓar Ghana daga Accra zuwa Ada tana da ƙarancin ruwan sama ba kamar sauran yankin ba, kuma tafkin Songor ya daɗe yana ba fatake gishirin da suke kai wa Burkina Faso da Nijar. A 2020 majalisar Ghana ta amince a ba kamfanin Electrochem hayar tafkin don ya yi gishiri na zamani, da idonsa a kan kasuwar Najeriya. Mutanen Ada da dama, waɗanda iyaye da kakanni suka rayu da kwasar gishirin nan, suka ce ba su yarda ba, kuma rigimar mallakar Songor ta daɗe, ta kuma yi tsanani a shekarun 1980. Kowane ɓangare na da hujja. Gishirin da masana'anta za ta karɓa sai an mallaki ruwan tafkin gaba ɗaya an jera fadamu, ba zai yiwu kowa ya haƙa nasa rami ba. Amma matar da ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta da kwanon gishiri ba ta ci komai daga tsabtar kashi 99 ba, sai in an tsara yadda za ta ci. Ko an warware wannan, akwai sauran aiki: sai ɗauko daga Ada zuwa Legas, da shingaye da kuɗin tasha, ya fi ɗauko daga Brazil arha.

Bilma kuwa tana nan. Har yanzu ana fasa ɓawo a ramukan Kalala, har yanzu raƙuma na tasowa da kaka, ko da yake motoci sun karɓe kaso mai yawa. Abin da ya riƙe ta shi ne abin da ya hana ta shiga masana'anta. Makiyayi ba tsabta yake nema ba. Ya yi imani ƙasar da ke cikin kantu da sauran sinadaran da ke gauraye da shi suna gyara dabba, suna sa ta sha ruwa ta yi ƙiba, kamar yadda Fulani da Buzaye ke kora garkunansu Ingal a ƙarshen damina don lasar ƙasa mai gishiri. In ka je kara ranar kasuwa a Damagaram ko Maigatari, za ka ga Bafulatani ya wuce farin buhun kamfani, ya tsuguna gaban kantu, ya ƙwanƙwasa shi, ya ɓantari ɗan gefe ya ɗanɗana, sannan ya fara tayi.